Daddawar Alhaji Bukar

Duk wanda ya taɓa zama teburi ɗaya da Alhaji Bukar a mamak ɗin nan, gidan shayi da abinci na bayan tashar Titiwangsa, ya san doka ta farko: ka rufe kwanonka da hannu. Ba don zai ci maka abinci ba, a'a, marigayi ba shi da kwaɗayi. Abin da ake tsoro shi ne shayinsa mai ƙanƙara. Da an dire masa kofi, ba sha zai fara ba. Sai ya tsoma yatsu biyu ya zaro ƙanƙara guda, ya ajiye ta a kan teburin ƙarfe, ya ɗauki cokali, ya tura hula ƙeya, ya ce, "To jama'a, a ba ni fili." Daga nan kuma sai abin da Allah ya yi.

Ni Buba mai turare na unguwar Masjid India na fi kowa shan wannan ƙanƙara, don kujerata kullum tana kallon tasa. Ta faɗa mini a aljihu, ta faɗa mini a miya, akwai ranar da ta bi ta wuyan rigata ta gangara har inda ba a faɗi a cikin mutane. Shi Babarbare ne na Nguru, ni Bafulatani, kun ga ba ni da inda zan kai ƙara. In na buɗe baki sai ya ce, "Yi shiru, Ɗan Fulani. Kai raga ce yau. Ka taɓa jin raga ta yi magana?"

Saboda waɗanda suka zo ƙasar nan ta Malayawa daga baya, suka tarar ana ce masa Alhaji Ƙanƙara ba su san dalili ba, bari in yi bayani irin na manyan malamai, duk da ni daga aji huɗu na firamare aka ce in je gida in huta. Akwai wani wasa na mutanen ƙasashen sanyi, ƙwallon gora na ƙanƙara. Katti ne ke ɗaura takalmi mai wuƙa a ƙasa, su hau ruwan da ya daskare, kowa da sandarsa mai lanƙwasa, suna korar wani baƙin abu na roba, kewayayye, faɗin tafin hannu, da suke ce wa fak. Wanda ya jefa shi a raga ya ci. A hanya kuma an yarda ka maka ɗan'uwanka da bango. Iyakar ilmina ke nan, kuma duk a wurin marigayi na ɗauko, ba da son raina ba.

Ciwon son wasan ya kama shi ne wata safiya muna jiran roti, gurasar nan tasu. Shi aikinsa kago ne, kun sani, aika kayan ɗalibai da 'yan kasuwa gida. Yaron mamak ya latsa talabijin ɗin bango ya faɗa wata tasha da ba a saba ba, sai ga wannan wasa. Muna kallo aka yi sama da wani ƙato, ya faɗi warwas, ya tashi, ya tofar da haƙori a kan ƙanƙara, ya ɗauki sandarsa ya ci gaba da gudu kamar goro ya furzar. Alhaji Bukar ya ajiye lomarsa.

"Buba," ya ce, "waɗannan su ne mutane."

Na ce, "Waɗannan mahaukata ne."

Ya ce, "To ai shi na ce."

Ba a yi wata ba ya tsaya a gabanmu, mutum ya haura sittin, gwiwarsa tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ya ɗaga yatsa ya ce, "Ku zama shaida. In Allah ya ara mini rai, ni Bukar ba zan bar duniyar nan ba sai na jefa fak a raga, a kan ƙanƙara, ina tsaye da ƙafafuna biyu." Muka yi dariya har Ustaz Kabiru, wanda ke digirinsa na uku a jami'ar Musulunci, ya ƙware da shayi. Mutumin Nguru fa! Garin da in ka sayi ƙanƙara a bakin tasha, kafin ka karɓi canji ta zama ruwan alwala.

Daga nan ya shiga tarihi. Wayarsa ta cika da tsofaffin wasanni, baƙi da fari, hoto yana rawa. Sunayen 'yan wasan ba sa hawa harshensa, sai ya yi musu naɗi irin nasa. Akwai Mai Giɓi, wanda a cewarsa ya bar haƙoransa a garuruwa daban-daban, kowane gari ɗaya, kamar mai rabon zakka. Akwai Ɗinkin Ƙwarya, mai tsaron raga na zamanin da ba a rufe fuska.

"Fak ya taho kamar harsashi," in ji Alhaji, yana ɗaga gishirin teburi a matsayin mutumin, "shi kuwa sai ya tara masa goshi. A shiga da shi ciki, a ɗinke, ya dawo ya tsaya inda yake. Fuskar nan duk zare, kamar ƙwaryar da tsohuwa ta ƙi yarwa. Ku kuma sauro ya cije ku sai ku nemi asibiti."

Amma wanda ya fi so shi ne Baba Ba-Ritaya, wani da ya yi ta wasa har kansa ya yi fari fat, yaran da yake kara da su suna gaishe shi da ladabi kafin ya manna su da bango. In ya zo kan wannan sai muryarsa ta yi ƙasa. Kuma shi ya koya mana cewa 'yan wasan nan ba sa tafi, don hannuwansu na cikin safa mai kauri. In wani ya ji rauni ya miƙe, ko wani babba zai yi sallama da wasa, sai kowa ya riƙa buga sandarsa a kan ƙanƙara, har abokan gaba. Yana faɗa yana buga cokali a teburi, ƙwas, ƙwas, ƙwas, har mai mamak ya leƙo ya ce, da "lah" ɗin nan da mutanen ƙasar ke rufe magana da shi, "Haji, teburina, lah."

Asalin wasan kuwa, wai daga Nguru ne. Wai suna yara suna yin sa da ƙodagon goruba da sandar gora a filin bayan tasha, Turawan jirgin ƙasa suka gani suka kai gida. Da suka je ba su da rairayi, sai ƙanƙara, sai suka yi haƙuri da ita.

Ustaz Kabiru ya gyara tabarau. "Alhaji, a wane littafi aka ruwaito wannan?"

"A wanda kakana ya yi niyyar rubutawa, fari suka hana shi."

"To isnadin ya yi rauni."

"Ka gyara kwanonka dai," in ji Alhaji. Ya kai wa ƙanƙara cokali, ta tashi ta faɗa tsakiyar miyar Ustaz, ta fantsama masa a farar jallabiya. Alhaji ya ɗaga hannu biyu sama. "Ga isnadi nan!"

To yanzu maganar daddawa, wadda na san saboda ita da yawanku kuka matso. Alhaji ya samo fak na gaske a wani shagon gwanjo, har da riga mai kauri irin ta 'yan wasan, wadda yake ɗorawa a kan kaftani ya shiga jirgin ƙasa da ita zuwa Bukit Bintang a wannan zafin, gumi na tsiyaya, yana cewa horo ne. Ya ji ana cewa kafin wasa ana daskarar da fak don kada ya riƙa tsalle. Sai ya naɗe nasa a baƙar leda ya tura firiza. Bai gaya wa kowa ba.

Ku kuwa kun san Hajiya Yagana, mai ɗakinsa, da tuwonta na Juma'a wanda ɗalibai ke zuwa tapau daga ko'ina, wato a ƙunshe musu su tafi da shi. Kun kuma san a firiza take ajiye daddawarta, a baƙar leda, tun da maƙwabciyarta ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofa tana tambaya ko ɓera ne ya mutu a gidan. Ranar nan Hajiya tana sauri, tururi ya rufe mata tabarau ta cire shi, ta miƙa hannu ta zaro leda. Baƙi, kewayayye, mai tauri. Ta jefa a ɗan turminta ta kai masa taɓarya. Abu ya yi tsalle ya daki fanka ya dawo. Ta sake. Ya tashi ya kashe kofi biyu.

"Oh ni Yagana," ta ce, "daddawar yanzu har da ita a algus." Sai ta jefa shi cikin tukunyar kuka yadda yake, wai wuta ta yi masa magana.

Ni aka zuba wa. Na ga abu ƙato baƙi a gefen kwanona, na ce yau Allah ya kashe ya ba ni, hanta ce. Na tura ta ƙarƙashin tuwo don kada Babarbare ya gani ya sa hannu. Da na ga ya juya, na kai baki na datsa da dukkan ƙarfin da Allah ya hore mini.

Jama'a, na ga taurari da rana tsaka. Haƙorina na gaba ya faɗo cikin miya.

Kuna zaton mutumin nan ya ce mini sannu? Ya dubi abin da ke hannuna, ya dubi bakina, sai ya miƙe tsaye fuskarsa tana walƙiya.

"Allahu akbar! Hajiya, fito ki gani! Ɗan Fulani ya riga ni zama ɗan wasa! Mai Giɓi na biyu!"

Ya wanke abinsa da sabulu ya shanya. Har ya koma ga Allah fak ɗin nan yana ƙanshin kuka, kuma daga ranar ba wanda ya ƙara kiransa da wani suna sai Daddawa.

Sai maganar gemu. Shekara da shekaru Ustaz Kabiru yana bin Alhaji da nasiha ya bar gemu, shi kuwa haɓar nan kullum sumul kamar ƙwai. Kwatsam sai muka ga gashi ya fara tsiro. Mako ya zagayo, yana nan. Ustaz ya kasa ɓoye murna, bayan sallar Juma'a ya riƙo hannunsa a gaban mutane ya ce, "'Yan'uwa, ku ga amfanin haƙuri da wa'azi. Alhajinmu ya dawo hanya." Alhaji ya sunkuyar da kai kamar ango. Ashe 'yan wasan nan suna da al'ada: in aka shiga zagayen cin kofi ba mai aski sai an fitar da ƙungiyarsa, shi kuma ya ɗauki wata ƙungiya ya ce tasa ce. Ranar Talata ya shigo mamak haɓa tana ƙyalli.

Ustaz ya saki baki. "Alhaji! Ina gemun?"

"An cire mu, Ustaz. A zagaye na biyu. Mai tsaron ragarmu ne ya yi barci."

Amma ranar da ya fara taka ƙanƙara da kansa, ya shafa haɓa ya ce, "Yanzu ni ne ƙungiyar. Reza ba za ta ƙara taɓa nan ba sai Daddawa ta shiga raga."

Filin ƙanƙarar yana ƙasan wani katafaren mol, kasuwar zamani mai hawa-hawa, sai an hau jirgi an sauka an sake hawa. Ranar Lahadi da safe, kafin a buɗe shaguna, wasu tsofaffi ke haɗuwa su yi wasa: 'yan Sin, Malayawa, Ba'indiye ɗaya, da wani Bature mai ƙaton ciki. Mai tsaron ragarsu Anko Lim, wato Kawu Lim, likitan haƙori ne da ya yi ritaya, shi ya dasa mini wannan da nake muku dariya da shi. Alhaji ya je ya same shi da Turancinsa na kago ya faɗi buƙatarsa. Anko Lim ya dube shi daga hula har silifa, ya ce, "Boleh, Haji. Sannu-sannu, lah." Boleh da yarensu wato zai yiwu. Ni kuma aka naɗa ni shaida, ba albashi, ba bargo.

Ranar farko ya yi bismilla ya sa ƙafar dama. Ƙafar ta tafi gabas, ta hagu ta ce ita yamma ta nufa, Alhaji ya zauna a tsakani, tim! Aka kawo masa wani tsuntsun roba mai mariƙi wanda ƙananan yara ke turawa don kada su faɗi. Ku hasko Alhaji guda, mai ofis, mai jikoki, da kaftani da rigar gwanjo da hular kwano, yana tura tsuntsu yana salati. Na yi dariya har aka ce in fita waje in dawo. Da muka fito na ce, "To ka gani. Mu tafi gida haka nan."

Ya ce, "Lahadi ƙarfe nawa za ka zo?"

Haka muka yi ta yi. Damina ta zo ta wuce, ga gemu yana ta tsawo, Ustaz yana kallonsa da ido ɗaya bai yarda ya yi murna ba. Ya bar tsuntsu ya kama bango, ya bar bango ya kama Bature. Jikinsa ba inda bai yi shuɗi ba. Ana haka ya fara haki a matakala, aka kai shi asibiti, likita ya ce zuciya ce, a rage wahala. Hajiya Yagana ta ɗauke takalman ta tura cikin buhun shinkafa, ta kira ni.

"Malam Buba, don girman Allah ka yi masa magana. Kai kaɗai yake zagi da daɗin rai, kai zai ji."

Na same shi a ofis cikin kwalaye. Ban yi masa wasa ba ranar. Na ce, "Bukar, ka isa haka. Mun yarda ka ci. Zan rantse a gaban kowa na gani da idona."

Ya amsa yana naɗe wani kwali da salatif. "Buba, dubi ɗakin nan. Firjin wani, littattafan wani, injin motar wani. Tun da na zo ƙasar nan nake ɗaure kayan mutane ina aikawa gida, ni ina nan. Ko wannan kujerar ta wani ce, bai zo ya ɗauka ba. Abu ɗaya na ce nawa ne. Kai kuma ka ce ka rantse mini a kan ƙarya?" Ya ɗago. "Kuma ka gaya wa Hajiya na ga takalman. Wa yake ɓoye wa Babarbare abu a cikin shinkafa?"

Ya koma wurin likita da kansa, suka yi ciniki kamar a kasuwa, aka daidaita a kan ɗan lokaci kaɗan, ba gudu, ba karo. Hajiya ta ce in dai haka ne da ita za a riƙa zuwa, ta zauna kusa da ni da fulas ɗin shayi da carbi.

Wata Lahadi ya taho da Daddawa a bakin sanda, ya zame, ya faɗi rub da ciki, ya taho suuu kamar kifi a faranti, ya kwashi Daddawa, ya kwashi Anko Lim, duka ukun suka shige raga. Tsofaffi suka yi ihu, "Gol, Haji! Gol!" Na ce alhamdu lillahi, mun huta.

Ya ɗago kai daga cikin raga. "A tsaye na ce. Wa ya ji na ce a kwance?"

Lahadin da ta biyo, Anko Lim ya ji tausayi. Alhaji na ɗaga sanda sai ya ɗan matsa gefe, wai yana gyara safa. Daddawa ta shige. Wallahi ban taɓa ganin ran marigayi ya ɓaci irin na ranar ba. Ya manta Turanci, ya manta Malayanci, ya zuba masa Barbarci zalla yana nuna shi da sanda. Anko Lim ya juyo wurina. "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce in ka ƙara matsawa bai yafe ba duniya da lahira. Sauran ba na fassarawa ba ne."

Anko Lim ya ja murfin fuskarsa ya rufe. Daga ranar ya riƙa tsare raga kamar dukiyar marayu. Alhaji ya buga, ya tare. Ya buga, ya tare. Makonni suna tafiya, hakin yana ƙaruwa, Hajiya tana jan carbi da sauri, ni kuma na daina dariya ban ma sani ba.

Ranar da abin ya faru ba wani shiri. Bature ya turo masa Daddawa. Alhaji ya tsaya, gemu ya sauko har ƙirji. Ya karkata kafaɗa kamar zai buga dama, yadda yake yi mini da cokali shekara da shekaru in kare aljihu ya jefa mini a wuya. Anko Lim ya faɗi dama da dukkan jikinsa. Alhaji ya tura hagu. Daddawa ta tafi a hankali, kamar tsohuwa za ta gidan suna, ta wuce dab da takalmin Anko Lim, ta shiga.

Yana tsaye. Na duba da kyau, aikina ke nan. Ƙafa biyu, a ƙasa.

Ba wanda ya yi ihu. Anko Lim, yana kwance, shi ya fara buga sandarsa a ƙanƙara. Ƙwas, ƙwas. Sai Bature, sai sauran, har filin ya ɗauka. Hajiya ba ta da sanda, ta riƙa buga murfin fulas a benci tana hawaye. Alhaji ya juyo ya neme ni da ido.

"Ɗan Fulani! Ka gani ko kana kiwo?"

"Na gani!"

"A tsaye?"

"A tsaye!"

"To madalla," ya ce, sannan ya faɗi tim, yana dariya.

Gemun bai aske ba. Ya ce ya bar wa Ustaz ladan wahalarsa. Da shi aka yi masa wanka bayan 'yan watanni, wata Alhamis da la'asar, a ɗakinsa, bayan ya idar da salla.

Ranar uku muna zaman makoki sai muka ji motsi a baranda. Tsofaffin nan ne, sun yi layi, kowa da sandarsa, sun cire takalma a bakin ƙofa. Suka buga sandunan a siminti, a hankali, na ɗan lokaci, suka sunkuyar da kai. Na saci kallon Ustaz, na ga ya buɗe baki kamar zai kawo hukunci, sai ya rufe, ya cire tabarau yana gogewa. Daddawa kuwa tana nan a firizar Hajiya. Ta ɗaura mata jan ƙyalle, saboda baƙi masu haƙora.

Har yau in mun zauna a mamak nakan zaro ƙanƙara guda in ajiye a gaban kujerarsa, mu bar ta ta narke. Ba mai rufe kwano yanzu, kuma wallahi abincin bai ƙara daɗi ba.

Allah ya jiƙan Bukar, ya yafe masa kurakuransa da haƙorina. Yadda ya tsaya da ƙafafunsa a kan abu mai santsi, Allah ya tabbatar da su ranar tsallake siraɗi. Allah ya ba Hajiya Yagana haƙuri, ya sanyaya masa makwanci. Amin.